Minti Goma Sha Biyar

Lemar hannunta ce ta faɗi ƙasa tun kafin bakinta ya iya motsi.

Shekara tara tana aikin zagayawa da baƙi cikin gari, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Jagora yake ce mata. A ofis an ce mata yau mutum biyu ne kawai, wata dattijuwa da ɗanta, za su jira ta a ƙofar gidan tarihi. Ba wanda ya gaya mata ɗan nan Dogo ne!

Dogon da ta rabu da shi shekara biyar da suka wuce. Ga shi tsaye riƙe da keken marasa lafiya, a ciki mahaifiyarsa ce, matar da ta taɓa rantsuwa ɗanta ba zai auri mai yawon titi da baƙin maza ba.

"Jagora..." ya ce a hankali.

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta durƙusa.

"Ina kwana, Mama."

"Tashi 'yata. Ni na ce ke nake so, ba wata ba."

'Yata? Wani fata da ta ɗauka ta binne tuntuni ya ɗago kai: ko dai dawowa suka yi?

Ita kuwa Jagora halinta ne, in ta ruɗe sai surutun aiki ya ɓalle mata. Tun daga cikin lif, na'urar hawa bene, ta fara zuba. Ɗakin tsofaffin tukwane, ɗakin agoguna, injin buga jarida na farko, babu shekarar da ta tsallake. Dogo yana tura keke yana ɓoye murmushi.

"Dogo, ashe bakin nan ba ya hutu?" in ji Mama.

"Ai yau ma ragi ta yi miki, Mama."

Dariya ta suɓuce mata ba ta shirya ba, kuma ta ji haushin kanta.

Daga nan suka gangara tsohuwar unguwa, layin teloli da masu sayar da tsofaffin littattafai, shanya na lilo a saman benaye. Da hanya ta yi gargada ta kama masa keken, shi kuma ya karɓi lemar ya riƙe mata. A wannan layin ya fara tare ta da maganar so, kuma ta ga ya rage tafiya da suka zo wurin. Shi ma bai manta ba ke nan!

Da azahar ta kai su wani ƙaramin gidan abinci. Aka kawo shinkafa da gasasshen kifi. Kafin ta ɗauki cokali Dogo ya jawo farantinta ya tsince albasar kaf, ya tura mata.

"Har yanzu ba kya ci, ko?"

"Har yanzu..."

Mama ta ajiye kofin ruwa.

"'Yata, ranar nan mun zo."

Jagora ba ta tambayi wace rana ba. Da rigima ta yi tsanani wancan lokacin, ita ta gindaya wa Dogo sharaɗi: ya kawo Mama gidan tarihi ranar Asabar ƙarfe goma ta ga aikin da idonta, in ba su zo ba ta san amsarsu. Dokar aikinsu kuwa ɗaya ce, wanda ya makara minti goma sha biyar ake jiransa. Ta tsaya da baƙi ashirin a saman bene tana kallon agogo. Goma da kwata na cika ta ɗaga lema ta yi gaba, wayarta a kashe kamar kullum in tana bakin aiki. Da yamma ta karya layin wayar, ta nemi a mayar da ita wani reshen na shekara guda.

"Ba ku zo ba, Mama. Na jira..."

"Goma saura muka iso ƙofa. A lokacin ba a sa lif ba, ga gwiwa ta fara cina. Ya ce bari ya hau ya kira ki, na ce a'a, ni na yi wa yarinya laifi, da ƙafata zan same ta. Matakalar nan ban san ko nawa ba ce..."

"Arba'in da biyu," Jagora ta ce da ƙyar. Kullum sai ta gaya wa baƙi.

"To duk na hau su. Muna kaiwa sama aka ce yanzu kuka fita ta ƙofar baya."

"Minti biyar," in ji Dogo. "Minti biyar kawai, Jagorata. Muka zauna a benci har aka rufe. Na je gidanku sau huɗu, yayarki ta ce kin ce kar a buɗe min."

Haka ta ce kuwa! Hawaye suka ɓalle mata. Ita da ta taɓa jiran baƙon da ya tsaya sayen hula, ita ce ta kasa ƙara wa mutumin da take so minti biyar. Ba don doka ba ne, ta sani, tsoro ne, gara ta tafi da kanta da a ce an ƙi ta a gaban mutane.

"Ki yafe min maganar da na faɗa a kanki," in ji Mama. "Jiki ya ƙi, ba na so in tafi da haƙƙinki. Yau na ga aikin, wallahi aikin mutunci ne."

"Na yafe, Mama! Ni ya kamata ku yafe wa..."

Ta share ido ta dubi Dogo. Wannan karon ba za ta bari girman kai ya cuce ta ba.

"Dogo, in har yanzu..."

"Jagora, tsaya. Shekara uku na yi ina jira. Tun safe nake neman bakin gaya miki..."

"Assalamu alaikum! Ai na ce zan same ku a nan."

Wata mace ce mai fara'a ta shigo riƙe da makullin mota, ga tsohon ciki tana turawa. Ta gyara wa Mama mayafi, ta dafa kafaɗar Dogo, sannan ta juyo.

"Ke ce Jagora? Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, tun satin jiya Mama ke zancen yawon nan. Don Allah ɗauke mu hoto mana, maigidan nan ba ya son hoto."

Ta miƙo waya. Jagora ta karɓa. Hoton baƙi ai aikinta ne, ta ɗauki dubbai.

"Ku ƙara matsowa..."

Suka matso. Mama ta sunkuyar da kai. Matar tana murmushi har kunne. Dogo kuwa ta saman wayar yake kallon fuskar Jagora, idanunsa jawur.

Ta gyara tsayuwa.

"Yallaɓai," ta ce, "matarka za ka kalla."