Soso a Bakin Bututu

Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta dire robar a kan teburin shagon kifin ado. Matattun kifaye biyu ne a ciki, kowanne bai kai ɗan yatsa ba.

"A nan aka sayar mini da su," ta ce.

Mai shagon yana tsugune, hannunsa cikin tanki. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi awon tela da ta manta a wuyanta, sannan ya goge hannu a hankali kamar wanda ba shi da wurin zuwa.

"Allah ya ba da haƙuri. A ina kika tsince su?"

"Manne a bakin bututun filtar tace ruwa. Karo na uku ke nan."

"Filtar ce ke zuƙe su. Masu lasar gilashin nan ba su da ƙarfi, balle idan da yunwa suka zo." Ya ɗauko wani baƙin soso mai rami a tsakiya. "Ki zura wa bututun wannan. Ruwa zai wuce, kifi ba zai wuce ba. Kuma kada ki kankare gansakukar jikin gilashi duka, ita ce abincinsu."

Tana saurare, ƙafarta na kaɗawa kamar tana taka keken ɗinki. Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma sai ta ji bakinta ya buɗe. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bara, ba ya kallon talabijin, ba ya son baƙi. Tankin nan da yayanta ya aiko shi ne kaɗai abin da yake zama a gabansa. Duk kifin da ya mutu a ɓoye take sayo wani, don kada ya gane.

"Ya sani," in ji mai kifin. "Mai zaman kallo ba ya rasa sani. Zan zo in duba, 'Yar Gaggawa."

Ta harare shi. A hanya kuma ta kama kanta tana murmushi.

Ya zo, ya sa soson, ya rage ƙarfin filtar, ya nuna mata yadda ake ɗan dafa kokwamba a nutsar musu. Ya sake zuwa duba kokwambar. Daga nan dalilin zuwa bai ƙare ba.

Tana tsakiyar ɗinki saƙonsa zai shigo: "'Yar Gaggawa, kin ci abinci, ko ke ma sai an nutsar miki da kokwamba?"

Ta amsa: "Malam Sannu-sannu, ka tambayi kifinka. Ni ina da aiki."

"Na tambaye su. Sun ce kin tsaya kallonsu da safe kina tunanin wani."

Ranar sau biyu ta ɗinka hannun riga a baibai.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ta fara ganowa. "Mutum ya rasa sana'a sai sayar da kifin da ba a ci? Ga mai kemis ɗin bakin titi yana ta aiko da maganin babanki, ke kina bin mai jiƙaƙƙen hannu."

Ba a jima ba mai kifin ya ɗauke ƙafa. Saƙonninsa suka bushe. "A rage ruwa kaɗan a zuba sabo. A matse soson cikin ruwan tanki, ban da sabulu." Babu 'Yar Gaggawa, babu tambayar abinci.

Ta rubuta: "Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. A duba bututun."

Ta ajiye wayar, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Zama ya gagare ta. A shagon ɗinkinta ta warware ɗinkin da bai ɓaci ba, a gida ta riƙa zarya tsakanin kicin da falo ba tare da ta san abin da ta je ɗauka ba. Ta ce wa zuciyarta namiji ne, ya gaji ya yi gaba. Ranar da Goggo ta ce mai kemis zai zo da 'yan'uwansa gaida Baba, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce su zo.

Ranar zuwansu Goggo ta tashi gyaran falo da safe, ita tana shago. Da ta dawo tankin yana ƙyalli. An kankare gilashin fes, an zuba ruwan famfo har baki, soson kuwa yana kwandon shara, wai baƙi ne, zai ba da kunya. Kifi ɗaya ya riga ya manne a bututun. Sauran sun taru a sama suna haki.

Baba yana kujerarsa, hannunsa mai lafiya a kan sandarsa. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalma ta fito.

"Uwata. Kira shi."

Ba ta kira ba. Ta cire filogin filtar, ta fita da gudu, takalmi wari da wari.

"Kifin Baba suna mutuwa," ta ce daga ƙofar shagon mai kifin. "Ba don kaina na zo ba."

Ya hau cika jarkoki da ruwan tankunansa. "Baba ne ya ce in zo?"

"Da wa zai ce?"

"To zan iya shiga. Shi ya ce in daina, ranar da kika fita sayo zare."

Ta tsaya cak. "Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"In haɗa ki da mahaifinki yana wannan hali? Gara ki ji haushina, masoyiya. Na san zan iya ɗauka." Ya miƙa mata jarka ɗaya. "Ban iya ba, amma dai."

A falo ya durƙusa ya kwashe kifayen cikin bokitin ruwan da ya kawo, ya sa musu na'urar iska. Mai kemis da mutanensa suka iso suka tarar da ƙasa jage-jage, wadda suka zo dominta tana riƙe da tiyo, idonta a kan wani. Mutumin kirki ne. Ya gaida Baba, ya sha ruwa, ya tattara 'yan'uwansa.

Biyu suka mutu, sauran suka farfaɗo. Goggo ta shige kicin tana cewa ita tsafta ta sani.

Baba ya yafito mai kifin da sanda. Maganar ta fito a gutsure, amma kowa ya ji.

"Ba sana'arka na ƙi ba. In ka tafi da ita, wa zan kira?"

Ta durƙusa ta kama gwiwarsa.

"Baba, gidan da ke bayanku babu kowa," mai kifin ya ce. "Na yi magana da mai shi. Katanga ɗaya ce. Ko tari ka yi za mu ji."

Baba ya daɗe yana dubansa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin ka kore ni."

Abin da ya fito daga bakin Baba dariya ce, karkatacciya, wadda gidan ya daɗe bai ji ba.

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Amarya da kanta ta ɗinka wa Baba rigar da ya sa, Goggo kuwa ta fi kowa kai da kawo, tana gaya wa baƙi ai ita ta fara hango yaron. Da za su fita, Baba ya sa suka durƙusa gabansa, ya dafa kansu ɗaya bayan ɗaya.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mini. Ku je. Gobe ku zo da wuri."