Dillalin da Ba Ya Karɓar La'ada

Da muka taso daga Gesheme zuwa Dogon Dutsi, mijina Gado ya daɗe yana neman dillalin da ba zai cuce mu ba. Aka nuna masa wani dattijo, Baba Iro, wanda ba ya karɓar la'ada. Sharaɗinsa guda ne: a zo ganin gida da iyali, bayan magariba.

Na bi su, goye da ɗanmu na fari. Gidan yana gindin dutse, an ce ya shekara ba kowa. Ni ba na iya kallon fuskar baƙo, sai na duƙar da kai. Tsakar gidan a share take. A kan rairayin ga sawun ƙananan ƙafafu, duk sun shiga ɗaki guda, babu wanda ya fito.

"Nawa za a bar mana shi, Baba?" in ji Gado.

"Kuɗi ba su dame ta ba." Dattijon ya juya wajen ɗakin. "Ga shi nan. Ya yi miki?"

Daga cikin duhu, wata murya irin tawa sak ta kira sunan yaron, sunan da kunya ba ta taɓa barina na furta ba. Sai na ji yana zamewa daga bayana, yana cewa, "Na'am, Inna."