Sunan da Parsimei Ya Kira a Kogon Suswa

Parsimei ne ke shiga da baƙi kogon Suswa, doguwar hanyar da narkakken dutse ya huda a ƙarƙashin ƙasa. A da su biyu ne da Lekishon, abokin kaciyarsa. Bara Lekishon ya zurma wani rami can ciki. Parsimei yana jin kiransa ya yi ficewarsa, aikin ya zama nasa shi kaɗai.

Ran nan wata 'yar Nairobi ta tsokane shi: "Kai jarumi, ina amsa-kuwwar da ka ishe mu da labarinta?"

Masai, ƙabilar su Parsimei, ba sa ambaton sunan mamaci. Amma da aka kashe fitilu don a saurari amsa-kuwwar, Parsimei ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Lekishon!"

Kogon bai maimaita ba. Jemagu suka yi tsit. Sai warin kitsen tumaki da jar ƙasa, irin wanda Lekishon ke shafawa, da takun takalmin taya, ƙafa ɗaya tana ja.

Wani hannu mai sanyi ya zare masa fitila a hankali.

"Ɗan'uwa, ashe ba ka manta ni ba," aka raɗa masa a kunne. "Baƙi su fita. Kai zauna ka yi ta kira, mu ga mai zuwa."