Maƙerin da Ya Haƙa Kabarin

A wani ƙauye, tun da daɗewa, akwai wata tsohuwa Kirista da mijinta ya rasu. Aka shimfiɗa tabarmi, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa.

Kowa ya ce, "Iya, ya haƙuri?" sai ta ce, "Muna kuka, amma muna sa zuciya."

Can sai ga maƙwabcinta, wani maƙeri da ya daɗe yana yi mata ba'a in ta fita zuwa sujada. Ya rame, tari ya ci ƙarfinsa, tsoron mutuwa ya kama shi.

Ya ce, "Iya, ya haƙuri?"

Ta ce, "Muna kuka, amma muna sa zuciya."

Ya ce, "Sa zuciya ga me? Da ni aka haƙa kabarin nan, na san zurfinsa."

'Yarta ta yunƙura za ta kore shi. Tsohuwa ta riƙe mata hannu, ta matsa masa a tabarma.

Ta ce, "Maƙwabci, Yesu ma an sa shi a kabari, saboda zunubanmu. Amma ya tashi. Duk wanda ya dogara gare shi zai tashi. Maigidana kwana kawai ya je yi."

Maƙeri ya sunkuyar da kai. "Har da mai baki irin nawa?"

"Har da shi. Ceto kyauta ce, ba ladan hali ba."

Ya zauna, ya share ido, ya ce, "To Iya, sake faɗa mini, a hankali."