Sandar Awo

Ranar rabon maganin tsargiya na gwamnatin tarayya a Gidan Katta Khairiyya ta fara ganin Zaharaddini, ma'aikacin lafiya daga Illela. Doguwar sanda mai zane-zane ce a hannunsa, don tsayin mutum ke nuna ƙwaya nawa zai sha.

"Tsaya daidai mana," ya ce, ya jingina sandar a bayanta.

Ba ta kai ga shan maganin ba mahaifinta ya iso. Malam Hamidu kuwa shi ke yanko karan da ake auna gawa kafin haƙa kabari.

"Ɗiyata da ranta kaka awo? Mi ta yi maka?"

Ya tasa ta gida, ya hana ta ko leƙen zaure.

Wata biyu tana kulle. Ga jini a fitsari, ga ciwon mara, ga kewar mai sanda, wadda ba a yi mata ƙwaya ba. Shi kuwa da naci ya samo lambarta wurin ƙawarta Latifa.

"Hasken idona, bari in aiko da maganin a ɓoye," ya rubuto.

"A'a, Zahar. In na sha na saɓa wa Baba, in ban sha ba ina ƙarewa. Ban san inda zan sa kaina ba."

Sau biyu ya tura manya neman aure, sau biyu aka sallamo su da ruwa kawai.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga shi da kansa. Ya durƙusa a zaure, ya miƙa sandar da hannu biyu.

"Baba, ni ba ni ƙara auna ta. Ka fi ni sanin awo."

Malam Hamidu ya kira Khairiyya. Da ta fito tana dafa bango, sai ya ga ramar da ya daɗe yana kawar wa kai. Tsoro ya kama shi. Ya karɓi sandar, ya jingina a bayanta.

"Uku," Zaharaddini ya karanta. "Amma ta ci tuwo tukuna."

Tsohon ya share ido da bakin rawani.

"Shekara talatin na kwance nika awo. Yau na auna na tsaye."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure, amarya ta murmure har da kumatu. Da za a tafi da ita, mahaifinta ya dafa kanta.

"Allah shi ba ku zaman lafiya da ɗiya masu albarka. Ku kawo min su, ni za ni auna su."