Zaren da Ya Ja Zuciyar Inna

Allon gilashin ya cinye bangon ɗakin, manhajar da ake kira Masaƙa tana ta aikinta. A sama fim ne ke tafiya, wani tsohon masunci kwance a kwalekwale, numfashinsa na ƙarewa. A ƙasa kuma wani siririn jan layi ya ratsa allon daga gefe zuwa gefe. Shi ne zaren gudu. In Nafi'u ya ɗaga shi da yatsa, kiɗa ya ƙara sauri. In ya ja shi ƙasa, ganga da sarewa su lafa, su bi hoton a hankali. Sana'arsa ke nan a birnin Sabuwar Dala, ya sa bugun ganga ya faɗi daidai inda ido ya ƙifta ko ƙofa ta rufe.

Kuma ya iya, wannan ba a musu. Daga benayen da suka wuce hanyar jiragen haya tsawo har unguwannin ƙarƙashin ƙasa, da wuya ka sami wanda kiɗansa bai taɓa sa shi ƙwalla ba. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, ita ce mahaifiyarsa.

Nafi'u ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe alkunya kam. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yabe shi. In ƙannensa suka yi abin kirki har guɗa take yi. Shi kuwa in ya kunna mata fim, sai ta kalla har ƙarshe, ta gyara mayafi, ta ce, "To, madalla." Ya san al'ada ce, amma abin yana cin ransa. Ga furfura a gemu, ga shi yana neman hawayen uwarsa kamar yaro mai neman alewa.

Ana nan sai kamfanin Amsa-Kuwwa ya aiko masa da sabuwar ƙira ya gwada. Awarwaro ne na ƙarfe, da wani ɗan maɓalli da ake mannawa a bayan kunne. Maɓallin yana zuba kiɗa ta cikin ƙashi, awarwaron kuma yana aika wa zuciya ɗan lantarki, ya sa ta buga tare da ganga. Ke nan duk inda zaren gudu ya nufa, can zuciyar mai kallo za ta bi. Don gudun ɓarna, an kafa wani shinge a cikin Masaƙa wanda zaren ba zai sauka ƙasa da shi ba, an kuma ce kada a ɗaura wa mai ciwon zuciya.

Da hantsi ya shigo da Inna ɗakin aikin, ya zaunar da ita.

"Inna, ba abin da ke damun ki dai ko? Ƙirji, ko haki?"

"Lafiyata lau," in ji ta, tana kallon bango.

Ashe ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji. Autarta ta sani, har magani take sayo mata a ɓoye. Amma wace uwa ce irin Inna za ta zauna tana kai wa ɗan fari kukan jikinta?

Ya ɗaura mata awarwaron, ya manna maɓallin, ya kunna. Fim ya yi ta tafiya, fuskar Inna ko gezau. Da aka zo wurin mutuwar masuncin, sai tsohuwar matsalar da ya kwana biyu yana fama da ita ta taso: kiɗan yana riga hoton ƙarewa. Shi so yake bugun ƙarshe ya sauka daidai lokacin da hannun tsohon ya faɗa ruwa, daga nan sai shiru. Hakan kuwa ba zai yiwu ba sai zaren ya ƙara yin ƙasa, ga shinge ya tare. Ya dubi allo, ya dubi uwarsa. Ya ce a ransa, ɗan kaɗan ne ai. Ya cire shingen.

Ya mayar da hoton baya, ya soma jan zaren a hankali. Ganga ta yi nauyi, tazarar bugu tana ƙara faɗi. Gumi ya tsattsafo a goshin Inna, ta ɗora hannu a ƙirji, leɓenta na rawa. Wallahi murna ya yi! Ya ɗauka abin da ya shekara da shekaru yana jira ne ya zo.

"Inna, kina jin sa?"

"Yi aikinka, ɗan nan."

Hannun masuncin ya faɗa ruwa, ganga ta tsaya cak, daidai yadda ya so. Inna ta sulale daga kan kujera.

A asibiti an yi ta fama, zuciyar ta ƙi tashi, sai da wata likita ta ce a mayar mata da kiɗan. Nan take ta kama bugawa. Bayan an gama gwaje-gwaje likitar ta kira shi gefe.

"Malam Nafi'u, zuciyar ta tsufa, ta gaji. Ta sami mai jan ta, sai ta saki ragama. Mun sa mata na'urarmu, ta ƙi bi. Mun bar awarwaron mun cire sautin, ta tsaya. Kiɗan nan kaɗai take amsawa."

"Har zuwa yaushe?"

"Muddin tana raye," in ji likitar.

Kamfanin ya janye awarwayensa ban da na hannun Inna, ya ce ba shi ya cire shinge ba, kuma gaskiya ya faɗa. Nafi'u ya bar harkar fim. Yanzu hoton da yake bi da kiɗa shi ne Inna. In za ta miƙe ya ɗaga zare, in za ta kwanta ya sassauta. Wata rana ya ga hawaye na bin kuncinta. Ya waiga allo, ya tarar hannunsa ne ya ɗan zame, zaren ya yi ƙasa. Ko nata ne hawayen, ko shi ya zana su, har abada ba zai sani ba. Baƙin ciki ya tokare shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Abu ɗaya kawai take roƙonsa. An sha yi mata bayani cewa in kiɗan ya tsaya zuciyarta ma za ta tsaya, ta sha gyaɗa kai, amma da lokacin salla ya yi sai ta sake. Yau ma da aka kira azahar ta yi alwala, ta hau sallaya, ta fuskanci gabas. Ta ɗaga hannu za ta yi kabbara, sai ta sauke. Ganga na bugawa a cikin kanta.

Ba ta juyo ba, ta ce, "Ɗan nan, don Allah kashe min kiɗan nan. Zan gana da Ubangijina."

Nafi'u na zaune a bayanta, yatsansa a kan zare, yana kuka ba sauti. Ya ɗan sassauta gudun don ta iya yin ruku'u.