Fuskar Malam Sagiru Ta Ƙi Fita

Rana ta yi ja a bayan rumbunan Gaya, kaji sun fara hawa katanga, Barira na tsugune gaban murhu tana tuƙa tuwon dawa, sai mijinta Tukur mai hoto ya fito daga ɗan shagonsa na jikin zaure da roba a hannu. Ruwan zafi ne a robar, ya yi baƙi ƙirin da tawada, don tun la'asar yake ta sauya shi yana jiƙa bakin firintarsa, injin buga hoto, a ciki ko ƙananan ramukan fitar tawada da suka toshe za su buɗe. Bai kalli kowa ba. Ya nufi rariyar da ke bayan turken akuya ya sheƙa ruwan gaba ɗaya, ladan kuwa na tsakiyar kiran sallar magariba.

"Baban Zulfa! Ruwan zafi a rariya da magariba? Ko bisimilla ban ji ka yi ba," in ji Barira.

"Don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni," in ji shi, ya koma shago.

Abin da ya dame shi hoto ne guda ɗaya tak. Mahaifinsa Malam Sagiru, mai awon gyaɗa a kasuwar Ajingi, ya shekara ashirin da shida a ƙasa, kuma duk duniya hotonsa ɗaya ne, wani ɗan mitsitsi baƙi da fari da aka ɗauka don katin ƙungiyar manoma, bai fi kwalin ashana ba. Mahaifiyar Tukur, Inna Talatu, ita ke ɓoye da shi a ƙasan adakarta. To ga shi hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu, na dama ma likita a Kano ya ce saura ƙiris, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗan hoton nan ta daina gane komai a cikinsa. Ran nan ta miƙa wa Tukur shi ta ce, "Auta, kai da kake fitar da hotunan amare manya-manya, ka fitar mini da babanku babba, in ƙara ganinsa sau ɗaya kafin idon nan ya rufe."

Tukur ya ce ai aikin kwana ɗaya ne. Kwana ɗayan nan kuwa sai da ya zama mako uku.

A fuskar kwamfuta hoton ya yi kyau har ba a magana, ga furfurar gemu, ga tsagen kumatu, ga aikin wuyan riga. Amma da zarar takarda ta fito daga firinta sai ran mutum ya ɓaci. Malam Sagiru baƙin mutum ne, an kuma ɗauke shi a inuwar rumfa, sai kunci da gemu da inuwar hula su haɗe su zama dunƙule ɗaya baƙi, ba ido ba hanci. In Tukur ya ƙara haske don fuska ta fito, farar rigar ta ƙone, ta zama fili fetal ba ko zare. Abin da ya fi ci masa rai shi ne launi. Hoton da ya kamata ya zama baƙi da fari da ruwan toka, in ka duba shi ƙarƙashin ƙwan sola na shago sai ka ga ya yi jaja-jaja kamar zoɓo, in ka fito da shi rana sai ya koma kore-kore. Takarda ɗaya fa! Ya wanke bakin firinta, ya zuƙe iskar tiyon tawada da sirinji, ya sauya tawada, ya yaga takardu har kwando ya cika. Duk wanda ya kai wa Inna sai ta kai shi dab da idonta, ta daɗe, sannan ta ce, "Auta, duhu kawai nake gani."

A yammacin da ya zubar da ruwan nan, suna sallame magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakin Barira. Ƙwal! Na biyu ya biyo baya, na uku ya faɗo tsakar gida ya gangaro har gaban tabarmar Inna. Barira ta ɗauka, ta yi wurgi da shi da sauri tana yarfe hannu, don zafi ne da shi kamar daga murhu aka ciro shi. Tukur ya fita da fitila ya zagaye gidan yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Babu kowa a lungun, ko kare babu.

Kashegari ma haka, kwana na uku ma haka. Da rana gida lafiya lau, amma da zarar inuwar katanga ta rufe rariya sai akuyar ta fara fizgar igiya, sai jifa. A kwana na huɗu suka fara jin nishi daga wajen rariyar, wani irin nishi mai tsawo na wanda ciwo ya hana sakat. A kwana na biyar Zulfa, 'yarsu mai shekara goma sha shida, ta je ɗauraye kwanuka a wurin, aka ga ta miƙe tsaye ƙiƙam, kwano a hannu, ruwa na zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Da uwarta ta taɓa ta sai ta juyo, idanun sun kafe, ta buɗe baki da wata murya mai kauri da ba tata ba.

"Bayana. Kun ƙona mini baya."

Ta sulale ƙasa. Mutum uku suka kasa ɗaga ta.

Daga ranar Barira ta tsaya kai da fata cewa hoton ne ya jawo musu. "Wane irin hoto ne zai riƙa sauya launi daga ɗaki zuwa tsakar gida? Mutum ya kwanta a kabarinsa shekara da shekaru, ka tashi kana ta fitar da fuskarsa sau ɗari. Wallahi mutanen ɓoye sun shiga injin nan." Tukur kuwa, wanda da ma ya rasa inda zai ɗora laifin gazawarsa, sai ya karɓi maganar hannu bibbiyu. Har wani sanyi ya ji a ransa, ashe ba rashin iyawarsa ba ne. Ya lulluɓe firinta da tsohon zane, ya sa wa shago kwaɗo, ya rantse ba zai sake taɓa ta ba sai an yi ruƙiyya. Aka aika Ajingi a kira Goni Ali, malamin da kakanninsa suka zo daga gabas tun da daɗewa, aka ce ya tafi ta'aziyya, sai dai a jira ya dawo. Kwana tara suna jira. Kwana tara Zulfa na faɗuwa duk magariba, kwana tara shago na kulle, Inna Talatu kuma ta fara lalube bango in za ta kewaya.

Goni Ali ya iso bayan la'asar a bayan babur, siririn tsoho marar yawan magana. Ya sha ruwa, ya zagaya gidan a hankali, ya daɗe tsaye kan rariya yana kallon baƙin tabon da tawada ta bari a ƙasa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Zulfa cikin hijabi, uwarta ta riƙe ta ta baya, aka turara tazargade. Ya jira har inuwa ta rufe tsakar gida, sannan ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Gidan ya yi tsit, akuyar ma ta daina motsi. Yana kaiwa Ayatul Kursiyyu yarinyar ta banƙare, ta ƙwalla ƙarar da ta sa kajin kan katanga suka watse.

"Ya isa! Ya isa, Malam, kana ƙona ni kan ƙuna."

"Wane ne kai?"

"Mazaunin gidan nan ne. Na riga su zuwa. Kafin a kafa katangar nan ina nan."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ba ta yi ba, ubanta ne. Ina zaune a ƙofata da magariba ya sheƙa mini tafasasshen ruwa baƙi. Da ya ambaci sunan Allah da na kauce. Bai ambata ba. Ba sau ɗaya ba kuma, mako uku yana zuba mini dauɗar injinsa ina haƙuri, sai ranar ya haɗa da wuta."

Tukur ya sunkuyar da kai. Barira ta harare shi ta gefen hijabin 'yarta.

Aljanin ya ce a yanka masa baƙin bunsuru a bakin rariya. Goni ya ce ko ɗan tsako ba za a yanka wa wanin Allah ba, ya ci gaba da karatu har muryar ta koma roƙo. Ya ce to a bar shi a jikin yarinyar har ƙunarsa ta warke. Goni ya ce ko daren yau ba zai ƙara ba. Aka yi ta ja-in-ja har taurari suka fara fitowa, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Tukur zai nemi afuwa da bakinsa, a toshe rariyar a fasa wata ta gabas, kuma kada a sake zubar da ruwan zafi a gidan ba da bisimilla ba. Tukur ya durƙusa gaban 'yar cikinsa ya ce ya tuba, bai sani ba, a yafe masa. Sai dai ya kasa haƙuri, ya ɗago ya ƙara da abin da ke cinsa.

"To ka sakar mini hoton mahaifina. Ka fita daga injina."

Bakin Zulfa ya buɗe da wata dariya marar daɗi, doguwa, har Inna ta toshe kunne.

"Injinka? Me zan yi da injinka? Jifa ni ne, yarinya ni ne. Amma hotonka tun kafin ka ƙona ni yake fita kore. Kai ne ba ka iya ba, bil'adama, kada ka ɗora mini."

Zulfa ta yi atishawa sau uku masu ƙarfi, ta langaɓe jikin uwarta, ta buɗe ido tana tambayar me ya tara mutane. Barira ta fashe da kukan murna. Tukur ma ya yi hamdala, amma wallahi a ransa ji ya yi kamar an kwaɗa masa mari a tsakiyar kasuwa. Da zai raka Goni zaure, tsohon ya dubi shagon da ke kulle ya ce, "Nawa aikin na gama. Wannan kuma naka ne, ka nemi wanda ya fi ka sani."

Wanda ya fi shi sani kuwa Mudassir ne, mai shagon hoto a Ajingi, wanda suka shekara biyu ba sa ga-maciji saboda wani bikin da suka yi rububin ɗauka. Da sassafe Tukur ya haɗiye girman kansa ya hau mota. Mudassir ya ɗaga takardar a rana, ya shiga da ita ɗaki, ya fito, ya yi tsaki.

"Haba Tukur, wannan ne ya hana ka barci? Firintarka haɗa ja da shuɗi da rawaya take yi don ta ba ka ruwan toka, shi ya sa kowane haske ke fito da nasa launin. Ka saita ta ta buga da baƙar tawada zalla. Ka bar takarda mai sheƙi, ka sa marar sheƙi, ka kuma gaya wa injin irin takardar da ka sa. Hasken kwamfutarka ma ya yi yawa, shi ke yaudararka, ka rage shi. Sannan kada ka haska hoton gaba ɗaya, inuwar fuska kaɗai za ka ɗaga, ka bar rigar yadda take."

Maganar ba ta ci minti biyar ba. Tukur ya tsaya yana kallonsa, ya tuna makonnin da ya ɓata da kwana taran da shago ya yi a kulle, ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi ihu.

Kwana biyu ya yi yana gwadawa da ƙananan yankunan takarda kafin ya buga babban. Da takardar ta fito sai ya ɗaga ta ya duba. Ga Malam Sagiru nan, baƙi kamar yadda Allah ya yi shi, amma kowane abu a wurinsa: ƙwayar ido, tsagen kumatu, furfura ɗaya-ɗaya, har zaren aikin wuyan riga. Ya duba a shago, ya fito rana ya duba, launi bai motsa ba. Ya shiga gida da sauri, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Inna Talatu na zaune kan tabarma tana shan hantsi, Zulfa na tsefe mata kai.

"Inna, ga shi. Ya fita."

Ta miƙo hannu, ba daidai inda yake ba, sai da ya kamo hannun ya sa mata takardar. Ta shafa gefenta, ta juya ta, ta ɗaga ta gaban fuskarta. Hular Malam Sagiru na ƙasa, gemunsa na sama. Ta daɗe a haka, tana murmushi.

"Masha Allah. Shi ne, Auta, shi ne sak. Allah ya yi maka albarka."

Zulfa ta kai hannu za ta juya mata shi daidai, Tukur ya riƙe hannun yarinyar, ya girgiza mata kai. Hawaye na zuba masa, ya daidaita murya da ƙyar.

"Amin, Inna," in ji shi.